Agogon Ofishinmu da Sunayen da Suka Ɓace

Jiya ina ba 'yata labari, tambaya ɗaya ta yi min, har yanzu ban dawo daidai ba.

Wajen ƙarshen shekarun 1990 ni ke riƙe da kwamfuta ɗaya tilo ta ofishinmu a Kiru. Wata rana aka nemi jerin sunayen manoman Yako da Ɗansoshiya da za a raba wa taki, aka rasa.

Aka ɗauko wani masani daga Kano. Ya buɗe inda kwamfutar ke rubuta duk abin da aka yi da lokacinsa, ya jera su bi da bi. Ya ce an goge sunayen ranar Juma'a, ƙarfe biyu daidai.

A lokacin kuwa duk muna masallaci. Baba Ilu maigadi ne ke riƙe da makulli, don haka aka sallame shi, yana ta rantsuwa bai ma san inda ake kunna ta ba.

'Yata, wadda binciken kwamfuta ne aikinta yanzu, ta ce, "Baba, wa ya saita agogon kwamfutar?"

"Ni ne. Da agogon bango na daidaita shi."

"Shi agogon bangon daidai yake?"

Sai na tuna. Mun tura shi gaba da awa guda don mu riƙa samun motar gida.

Ashe ƙarfe ɗaya aka goge sunayen ke nan. Ni kaɗai nake zaune gabanta, ina saurin tafiya alwala.

Baba Ilu ya rasu tuni. Jama'a, wa zan je in nemi yafiyarsa?