Tsattsewar Plumstead da ƙoƙon furar matar abokina

Shekarun baya, lokacin da kuɗin mai ya fara shigowa, gwamnati na tura mu karatu waje kamar ana rabon goro a wajen suna, na samu kaina a Landan. Na kama ɗaki a unguwar Plumstead, a gidan wata tsohuwar Baturiya da mijinta ya rasu. Mama nake ce mata, ita kuma ba ta taɓa hanawa ba.

Daidai saman tagata, a ƙarƙashin rufi, akwai sheƙunan laka jere. Da bazara ta shigo sai ga tsattsewa sun cika wajen da hayaniya. Mama ta ce min, "Ga mutanen garinku nan sun iso. Daga Afirka suke zuwa duk shekara, tun mijina na da rai, kuma wannan gidan suke nufa."

Abin ya tsaya min a rai. Ni da boko da taswira a aljihu, har lokacin ɓata nake tsakanin unguwar Woolwich da makaranta. Ta yaya ɗan tsuntsun da bai cika tafin hannu ba zai ƙetare hamada da teku ya gane rufi ɗaya? Na tambayi malamaina, na leƙa littattafai, kowa da abin da yake faɗa.

Ana nan sai hukuma ta ce za a rushe layinmu gaba ɗaya. Aka ba Mama gida a bene a Abbey Wood, na bi ta. Cikin hunturu ne, tsuntsayen ba sa nan. Ba kayanta ne suka dame ta ba. Kullum maganarta ɗaya: "Wa zai gaya musu mun tashi?" Abinci ma ta rage ci, har na fara tsorata.

Sai na tuna yadda mahaifiyata ke yi idan aka kawo mata sababbin tattabaru. Takan sa a haɗo da ciyawar tsohuwar sheƙarsu a zuba a tukunya, wai su ji ƙanshin gida. Kafin a rushe layin na koma da tsani, na kankare sheƙunan a leda. Na je wajen wani abokina na roƙi ƙoƙon furar matarsa, wanda ta taho da shi tun daga Kano. Muka raba shi biyu, na kwaɓa tsohuwar lakar na shafe, na kafa a saman barandar Mama.

Abokina yana riƙe min kujera yana dariya. "Kai dai ka ji kunya. An turo ka ka zama injiniya, ka ɓige da gina wa tsuntsu flat. Ka yi musu booking ma ko?"

Bazara ta zo, shiru. Mama ta wuni a baranda da shayinta, ko inuwar fiffike babu. Ran nan ta ɗauki jaka ta ce, "Taso mu je."

Mun tarar da tsohon layinmu ya zama fili, sai tarin bulo. Amma tsuntsayen suna nan. Suna ta shawagi a sarari, su taho da gudu, su ja birki daidai inda rufin yake a da, su juya, su sake dawowa. Babu bango, babu taga, amma ba sa kuskure wajen. Mama ta ɗaga hannu tana kiran su, ko kallonta ba su yi ba. Can ta ce, "Kada ka ga laifinsu. Ni ma shekaranjiya da na taso daga kasuwa, motar unguwar nan na hau kafin na tuna."

Mun fid da rai, bazara ta yi nisa, sai wata safiya na ji tana buga min ƙofa. Tsattsewa guda biyu ne a bakin ƙoƙon, suna ƙara masa laka. Na fara cika baki, dabarar mahaifiyata ta ci. Mama ta girgiza kai.

"Ba nawa ba ne waɗannan. Matasa ne, ba su taɓa gini ba, ko'ina gida ne a wajensu. Tsofaffin ba sa ƙaura." Ta share ido, sannan ta ce in soya mana ƙwai, yunwa take ji. Ranar ta cinye tas.

Har yau ban san ko ƙanshin lakar ne ya jawo su ba, ko dai rufi suka gani ya yi musu. Na gama karatu na koma Kano, Mama kuma ta daɗe da rasuwa. Ɗana na fari yanzu a Abbey Wood yake da iyalinsa, na yi fama ya dawo gida har na gaji na bari.

Da na kai musu ziyara, na sa ya kai ni tsohon layin. Wajen ajiye motoci ne yanzu. Ya ce, "Baba, babu komai fa a nan."

Na ce na sani. Na dai tsaya na ɗaga kai, ina kallon daidai inda tagata take.