Takun Inna Mairo na Goma Sha Huɗu

Dokta Haulat ba likitar allura ba ce. Aikinta gashi da motsa jiki, wato koya wa wanda ɓarin jikinsa ya shanye yadda zai sake takawa. Ni Martha, shekara ashirin na yi ina riƙe mata marasa lafiya a wani asibiti wajen Ƙofar Kaura, don haka ba labari aka ba ni ba.

Ta dawo da digiri na uku a shekarar da soja suka miƙa mulki, kowa na murna wai farar hula za su gyara albashi. An gyara kam. Ƙarin da digirin ya jawo mata bai cika tankin tsohuwar motarta ba, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Sai ga takarda daga wani asibiti a Jidda, albashin wata guda ya fi na shekararta a nan. Suka ba ta wata uku ta iso, ko a bai wa wani.

Akwai wata tsohuwa mai tallar nono, Inna Mairo, da ake kawowa daga Batagarawa duk Talata. Daga gadon gashi zuwa ƙofar ɗakinmu taku goma sha huɗu ne. Ta kai tara, tana jan ƙafar hagu, silifa na ƙara a siminti.

"Ɗiyata, an ce za ki tahi," in ji tsohuwa.

"Inna, ba inda za ni sai kin kai ƙofar can da ƙafarki."

Maganar lallashi ce, irin wadda muke yi wa kowa. Ranar Juma'a Inna Mairo ta rasu. Muka je gaisuwa, Dokta ta dawo ta fara haɗa kaya.

Ranar Talata da hantsi, ɗaki ba kowa sai mu biyu, muka ji silifa. Taku, ja. Taku, ja. Na ƙirga ba da son raina ba, goma. Ina ta kiran sunan Yesu, ita kuwa ta yi salati, ta jawo katin tsohuwa ta rubuta goma. Rubutun nan ya fi takun ba ni tsoro.

Haka aka yi ta yi duk Talata. Saura kwana goma wa'adin Jidda ya cika, taku ya kai sha uku.

"Mako mai zuwa ta kai ƙofa, in tafi," in ji Dokta.

Mako ya zo, sha uku, sai shiru. Na yi mata faɗa kamar ba shugabata ba.

"Dokta, matar nan tana ƙasa! Ki tafi ki ci gumin karatunki!"

"Ai ba ta kai ba, Martha."

Aikin Jidda ya wuce. Duk Talata taku na tsayawa a sha uku, Dokta na jira. Wasu takardun sun zo daga baya, ta zuba su a durowa. Mutanen da suka fita ta ƙofar nan da ƙafarsu ba su ƙirguwa, ita kuwa ko gidan kanta ba ta gina ba, tana haya a Ƙofar Guga har ciwon ajali.

Talatar da ta biyo bayan jana'izarta ina zaune ni kaɗai. Silifa ta taso. Amma wannan karon akwai wani takun a gefenta, mai takalmin asibiti, yana tsayawa yana jiranta. Sha biyu. Sha uku. Sha huɗu.

Ƙofa ta buɗe, ta rufe a hankali. Na jawo katin Inna Mairo na rubuta sha huɗu, sannan na yi kukan da ban yi ba wajen gaisuwar Dokta.