Ƙafar Gwaggo ta Hagu

Ni dai Allah bai ba ni rawa ba. Tun ina yarinya a Ɗanzomo, in mata sun kifa ƙwarya a kan ruwa an fara kiɗa, ni ake miƙa wa jarirai in riƙe. Gwaggo, yayar babanmu, ita ce gwanar gidan, kuma ba ta raga mini. Takan ce ina rawa kamar ana girgiza aduwa.

Shekarar da ta zame a bakin rijiya ta karye a ƙugu ta ɓangaren hagu, asibiti muka kai ta a Gumel. Ƙashi ya haɗe, likita ya ce ta riƙa takawa, in ba haka ba ƙafar za ta shanye. Gwaggo ta ce atafau. Tsoron ƙafar hagun nan take ji, ko ban ɗaki sai an ɗauke ta. Na yi lallashi, na yi faɗa, har kuka na yi a ɓoye, don ina ganin za mu rasa ta tana raye.

Wata rana da hantsi ina zaune gefen katifarta, na nuna mata bidiyo a waya. Mutanen Kudancin Amurka ne suke rawa, ƙugu na kai da kawowa kamar babu ƙashi a ciki. Na miƙe na ce bari in gwada. Na dage ina jijjiga ƙugu, ƙafafuna a sandare.

"Ke 'yar nan, wa ya ce miki ƙugu ake kaɗawa?" in ji Gwaggo. "Dubi gwiwoyinsu. Ɗaya ta lanƙwashe, ɗaya ta miƙe. Wadda ta miƙe ita ke ɗauke da nauyi, ƙugu kuwa da kansa yake bin ta. Mu ma ai haka muke yi."

Na sake gwadawa. Wannan karon da gangan na ƙara ɓata abin.

Ta yi tsaki. "Miƙo mini sandar nan."

Na tallafe ta ta miƙe. Ta saki nauyinta a ƙafar dama, ƙugu ya zarce can cikin ruwan sanyi, babu wani ƙoƙari.

"Na gane wannan, Gwaggo," na ce. "Ta hagun ce ban gane ba."

Ta dube ni ta daɗe. Ta san abin da nake yi, na kuma san ta sani. Amma Gwaggo ba ta taɓa barin rawa rabi da rabi ba. Ta cije leɓe, ta miƙe gwiwar hagu a hankali, ta ɗora mata jikinta duka. Ƙafar ta yi rawa, sannan ta tsaya, ƙugu ya bi ta.

Na kai hannu zan riƙe ta, ta ture shi.

"Matsa mini," ta ce, tana duban ƙofa. "Tsakar gida zan fita."