Ranar da Ku-Saurara Ya Janye Maganarsa

A unguwarmu, idan aka ce "Ku-Saurara ne ya faɗa", to gardama ta ƙare. Ku-Saurara shi ne mai motar shela, kuma ya samu laƙabin ne daga kalmomin da yake buɗe kowace sanarwa da su. Shekara ashirin da bakwai ke nan katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa, saboda haka abin da zan faɗa game da shi, da idona na gan shi.

Aikin kwandastan bas ya fara yi. Wajen kiran sunayen tashoshi aka gane irin muryar da Allah ya ba shi, murya mai kauri wadda take fitar da kowace kalma daram, har kurman tsoho ya san inda zai sauka. Da bas ɗin ta tsufa aka jingine ta, sai ya samu wata ƙaramar mota mai ƙofa huɗu, uku ne kawai masu buɗuwa, ya ɗaura mata lasifika biyu a kan rufi, ɗaya tana duban gaba, ɗaya tana duban baya. Tun daga nan ya zama bakin unguwa. Ɗauke ruwan famfo, zuwan masu allurar rigakafi, rufe gada don gyara, duk daga gare shi ake ji.

Bai yi karatun boko ba, amma yana da tsarin aiki wanda masu digiri da yawa ba su da shi. Mai sanarwa zai zo da bakinsa ya faɗi abin da yake so. Ni zan rubuta, in karanta masa sau biyu, ya haddace. Daga nan sai ya bi wurare goma sha ɗaya, kullum a jere ɗaya, daga bakin kasuwa zuwa tsallaken gada, a kowane wuri ya kashe mota ya maimaita sau uku. Saƙon da aka aiko ta bakin wani, ba ya ɗauka. Wannan ne ya sa mutane suke ajiye abin da ke hannunsu idan sun ji shi.

A siyasa, ɗan jam'iyyar Guga ne tun ranar da aka buɗe mata ofis a mazaɓarmu. Abokiyar hamayyarta ita ce jam'iyyar Agogo, kuma babban ɗan Agogo a layinmu shi ne ƙanin matarsa, wanda kowa ke kira Bakanike. Shi ne mai gyara masa motar, kuma ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tare da sun tsokani juna ba.

Zaɓen shugaban ƙasa na bana ya zo da zafi. An yi kwana biyu ana tattara sakamako, kowa kunnensa na jikin rediyo. A mazaɓarmu Guga ta yi rinjaye mai yawa, don haka duk inda ɗan Guga ya waiwaya, ɗan'uwansa yake gani yana murmushi. Da safiyar kwana na uku, wajen ƙarfe tara, Ciyaman na jam'iyyar a mazaɓa ya faɗo gidan Ku-Saurara, waya a hannu, hula a karkace, ya ce daga sama aka kira shi, an gama, Guga ta cinye. Ni a lokacin na tafi a sauya mini gilashin ido. Matar Ku-Saurara ta gaya mini cewa mijinta ya tambaya ko hukumar zaɓe ta faɗa, Ciyaman ya amsa cewa alƙaluman suna hannun mutanensu, karantawa kawai ta rage.

"Shekara nawa kana karɓar saƙon jam'iyya daga bakina?" in ji Ciyaman. "Yau ne za ka tsaya neman shaida?"

A nan kuskuren ya shigo. A wurin Ku-Saurara, Ciyaman shi ne mai maganar jam'iyya, kuma ga shi ya zo da ƙafarsa. Bai tsaya ya lura cewa wannan magana ba ta Ciyaman ba ce, shi ma aiko masa aka yi. Ya tayar da mota.

Da na dawo, da ƙyar na samu hanyar shiga gida. Mata sun fito da bokitai suna kaɗawa da ludaya, teloli sun bar kekunan ɗinki, mai aski ya bar wani bawan Allah da rabin kai a aske ya shiga rawa. Wani tsoho mai gyaran takalma, wanda ban taɓa ganin haƙoransa ba, ya rungume ni yana dariya har da hawaye. Duk wanda na tambaya inda ya ji, amsa ɗaya ce: Ku-Saurara ne ya faɗa. 'Yan Agogo ma sun yarda. Bakanike ya ja ƙofar gareji ya zauna a kan tsohuwar taya, ya zuba tagumi.

Da ƙarfe huɗu hukumar zaɓe ta karanta sakamako a rediyo. Agogo ce ta yi nasara, kuma da tazara mai faɗi.

Kafin a kai ga rabin sa'a, murnar ta tsallaka titi. Baburan 'yan Agogo suka cika layi, ana oda, ana tsalle, aka yi cincirindo a ƙofar maƙwabcina. Bakanike ya hau bayan wata akori-kura, ya kafa mazurarin mai a baki, yana kwaikwayon muryar mijin yayarsa, yana shelar cewa an tsinci wata nasara a bakin kasuwa, mai ita ya zo da shaida ya karɓa. Mutane suna faɗuwa don dariya. Ni ma, in faɗi gaskiya, sai da na juya baya na gyara fuskata.

Washegari da sassafe matar Ku-Saurara ta leƙo ta kan katanga ta ce in taimaka in zo, maigidan bai sa komai a bakinsa ba tun jiya. Na same shi zaune cikin motar a tsakar gida, ƙofa a buɗe, makirufo a kan cinya. Na fara ba shi haƙuri a kan faɗuwar zaɓe, sai ya ɗaga hannu. Ya ce jam'iyya ta sha faɗuwa, wannan ba sabo ba ne. Abin da ya hana shi sukuni shi ne ya sa mutum dubu rawa a kan abin da babu, kuma daga yau duk abin da ya faɗa za a ce a bari a ji daga wani wuri. Game da Ciyaman kuwa, wayarsa a kashe take, ofis a kulle, ana ta raɗe-raɗin cewa shi da muƙarrabansa suna shirin komawa Agogo, Guga ta mutu a mazaɓar.

"Malam, ɗauko biro," ya ce. "Rubuta cewa na yi musu ƙarya."

Na nuna masa cewa wanda aka ruɗa bai yi ƙarya ba. Ya ce waɗanda suka yi rawa ba su san da wannan bambanci ba. Muka yi ta ja har muka tsaya a kan abin da ya gamsar da mu duka, ya kuma ƙara da kiran taro. Na tambaye shi wane ne mai wannan saƙo, tunda shugabanni ba su ce a yi taro ba. Ya ce shi ne.

Sai mota ta ƙi tashi, domin zagayen jiya ya shanye batir. Babu yadda za a yi, matarsa ta kira ƙaninta. Bakanike ya shigo yana taku ɗai-ɗai, da hular Agogo a kansa.

"Yaya, barka da hutawa. Yau kuma wace ƙasa kuka ci?"

Ku-Saurara ya ci gaba da bitar haddarsa a hankali. Bakanike yana cire wayoyin batir yana saurare, har hannunsa ya tsaya. Ya tambaya ko da gaske wannan za a je a faɗa a bakin kasuwa. Da aka ce masa e, sai ya fita, ya dawo da batirin motarsa a kafaɗa, ya ɗaura, ya buɗe ƙofar baya ya zauna. Ya ce ba don komai zai bi mu ba sai don kada a gudu masa da batir.

A bakin kasuwa Ku-Saurara ya kashe mota, ya gyara murya.

"Ku saurara, jama'a, ku saurara. Jiya na gaya muku abin da ban tabbatar ba. Laifina ne, ku yafe mini. Agogo ce ta ci zaɓe, muna taya su murna. 'Yan Guga, akwai taro yau da ƙarfe biyar a ƙofar ofis, ko a buɗe yake ko a kulle. Ni ne na kira."

Ihu ya tashi ta ko'ina. 'Yan Agogo suna tafi suna cewa ya ƙara, ba su ji da kyau ba. 'Yan Guga kuwa ransu ya ɓaci. Wani mai sayar da kwanuka ya bugi rufin motar ya ce an kunyata su jiya, yau kuma an zo a tallata kunyar. Ku-Saurara ya jira hayaniya ta lafa, ya maimaita na biyu, ya maimaita na uku, bai rage kalma ɗaya ba.

Haka muka bi wuraren ɗaya bayan ɗaya. A wuri na huɗu dariya ta fara raguwa. A na shida na waiwaya na ga mutane suna bin mu a ƙafa. A layin teloli, inda rawar jiya ta fi zafi, wata mai ɗinki da ake kira Anti Tela ta fito da tef a wuya, ta tare gaban mota, ta tambaya da ƙarfi ko Ciyaman zai zo taron. Ku-Saurara ya ɗaga makirufo ya amsa ta cikin lasifika, duk layi na ji.

"Ban sani ba, Anti. Ban gan shi ba, ban ji daga bakinsa ba."

Layin ya ɗauki dariya, amma ba irin ta bakin kasuwa ba. Anti Tela ta matsa gefe ta ce za ta zo. Kafin mu gama da tsallaken gada muryarsa ta dusashe, na ukun ƙarshe da ƙyar ya fita.

Biyar saura kwata, mutum bakwai ne a ƙofar ofis, har da ni da Bakanike. Ku-Saurara yana cikin mota, ya ƙura wa titi ido, yana murza makulli a hannu. Sai ga teloli sun ɓullo a ayari. Bayansu ga matan kasuwa, ga masu babura, ga tsohon nan mai gyaran takalma, har da mai kwanukan da ya bugi mota. Wani kafinta ya fito da bencinan da bai gama gogewa ba, mai aski ya ba da kujerunsa, sauran suka tsaya. Na ƙirga ɗari biyu da 'yan kai, na bari.

Ciyaman bai zo ba, kuma taron bai jira shi ba. An yi zafi ƙwarai. Wasu suka ce a bi masu nasara kawai a huta. Matasa suka ce dattawa su matsa su ba su wuri. Mai kwanuka ya ce a ɓalle kwaɗon ofis, aka hana shi. Sannan Anti Tela ta hau kan benci ta ce a watannin yaƙin neman zaɓe kaf, babu wanda ya tsallaka gada ya ƙwanƙwasa ƙofar da ba ta ɗan Guga ba. Junansu suke yi wa jawabi, junansu suke yi wa tafi, shi ya sa ko da aka ce sun ci, babu wanda ya yi mamaki. Sai tafi ya ɓarke. Kafin a tashi an ɗora mata riƙon jam'iyya a mazaɓa, an kafa kwamitin mutum tara, biyar daga cikinsu ba su kai shekara talatin ba. Mutane suka watse suna gardama da ƙarfi, fuskokinsu a sake, kamar ba su ne suka faɗi zaɓe ba.

Ana kwashe bencina sai ga shugaban Agogo na mazaɓa, wani dogon mutum mai kantin magani. Ya wuce kowa ya tsaya a tagar motar, ya gaisa. Ya ce gobe suke walimar nasara, kuma suna so 'yan Guga su zo a zauna tare, amma ya san in wani ya yi shelar, za a ɗauka gatse ne.

"In kai ka faɗa, za su zo," ya ce.

Ku-Saurara ya buɗe baki, babu abin da ya fita sai iska. Ya nuna maƙogwaronsa, ya ɗaga yatsu biyu. Bakanike ya leƙo daga baya ya ce ma'anarsa sai jibi, kuma shi a shirye yake ya yi musu shelar gobe da mazurarinsa. Mai kantin magani ya dube shi, ya dubi Ku-Saurara, ya ce a bar mazurari a gareji, za su ɗage walimar su jira.