Gawon Gabas na Mato

Mato makaho ne, amma duk ƙauyen Gabi babu wanda ya kai shi sanin iyakar gonaki. Da mantuwa ta fara kama shi, sai ya riƙa faɗa wa wayarsa kowace iyaka tana rubutawa, in ya shafa ta karanta masa. Ƙanensa Salisu ke kai ta caji.

Ran da shi da Salisu suka yi jayayyar iyaka gaban maigari, wayar ta ce gawon gabas na Salisu ne. Gawon da Mato ya shekara talatin yana hutawa gindinsa! Ya sake shafawa, muryar ta ce an gyara rubutun shekaranjiya.

Mato ya ce, "Salisu, shekaranjiya wayar nan tana hannun wa?"

Salisu ya sunkuyar da kai.

"Buɗe baki mana," in ji Mato. "Ni ba na ganin sunkuyar da kai."