Inda Ƙaiƙayi Ya Tafi

Ni dillali ne. A harkar hatsi da dabbobi nake haɗa mai saye da mai sayarwa a kasuwar Filinge, kuma ban saba sakin abin da na riƙe ba. Shi ya sa lokacin da ɗiyata Ramatu ta zo gida bara ta ce an ba ta aiki a ƙasar da ta yi karatu, na ce a'a. Na sa ta lakwal, makarantar boko, don ta dawo kusa da ni, ba don wasu su more ta ba. Amma kafin in faɗi yadda muka ƙare, sai na koma gun kakata.

Kaka Dije maginiyar tukwane ce a wani ƙauyen Kurfai. Zamanin soja ne, shekarun da damina ta riƙa cin amana. Babana ya tafi cin rani bakin teku, uwata ta rasu, ni da ƙannena muna hannunta. Ranar da ta toya tukwane ita ce ranar tatsuniya. Da almuru sai ta jera randuna a bayan gida, ta lulluɓe su da kara da busasshen kashin shanu, ta cinna wuta. Dole ta zauna ta tsare, mu kuma mu kewaye ta.

"Matsa can, maigida," take ce mini. "Miji ba ko goro, sai cin wuri."

Sannan ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan tahe, ku ba ta hanya."

Wadda ta fi zama a raina ita ce ta Yumɓu da Ƙaiƙayi. Wai Yumɓu tana son ta riƙe wa mutane ruwa, amma duk lokacin da ta shiga wuta ita kaɗai sai ta tsage. Tana zaune tana kuka sai ga Ƙaiƙayi, wanda mata suka sheƙe suka zubar. Ya ce ta cuɗa shi cikin jikinta su shiga tare. Ta yi masa kallon banza, amma ba ta da wani, ta yarda.

Da wuta ta kama sai Yumɓu ta ce, "Ƙaiƙayi, kana nan?" Ya ce, "Ina nan." Wuta ta ƙara ƙarfi, ta sake tambaya. Nan Kaka takan rage murya har sai mun miƙa wuya: "Ina nan." Da wuta ta yi ja, ta kira, ta kira, shiru. Gari ya waye Yumɓu ta fito randa, ba tsaga ko ɗaya. Ta duba jikinta ba shi. Tun ran nan randa take tsattsafo da hawaye, kuma hawayen nan su ke sanyaya ruwan cikinta.

"Nan ta ƙare," in ji Kaka, "saura toka."

Na ce, "Kaka, an cuce shi. Me ya samu?"

Ta ce, "Kai da ciniki aka haihe ka. Tashi ka sha ruwan randa ka ji."

A shekarar da motocin soja suka riƙa kawo jar dawa ta agaji, Kaka takan tuƙa tuwo ta ce ta ci nata tun a madafa. Mun yarda, don yunwa tana sa yaro ya yarda da komai. Ba ta ga damina mai albarka da ta biyo baya ba.

To, Ramatu. Kwana da kwanaki ba ma magana sai gaisuwa. Wata yamma na dawo kasuwa na tarar da ita gindin randa, na ce, "Wai shin wane irin aiki ne wannan da ya fi ubanki?"

Ta ce, "Baba, ba abin da ya fi ka. Amma zauna ka ji."

Ta ce suna ɗaukar wani farin gari, irin wanda ake fitar da alminiyam daga gare shi, su cuɗa shi da baƙin gari na gawayi mai laushi. Su sa a murhu rufaffe, su kori iskar waje, su saki wata iska da ake kira azot. In zafi ya kai inda ƙarfe ma ya narke, gawayin sai ya janye wani abu daga jikin farin garin ya fice da shi kamar hayaƙi, azot ta shiga gurbin. In aka ƙara wuta, garin da ya sauya da wanda bai sauya ba su shige juna su zama abu guda. Shi ake matsewa a sake gasawa, ya fito ana hangen haske ta cikinsa kamar gilashi, ga ƙarfi.

Na ce, "Gawayin fa?"

Ta ce, "Dole ya fita duka. In ya saura ko kaɗan, garin ya yi duhu, haske ba ya ratsawa."

Na ji ƙamshin hayaƙin kashin shanu kamar yanzu aka cinna. Shekaru ina ɗaukar tatsuniyar nan labarin wanda aka cuta. Ni da sana'ata ke nan, in haɗa biyu in kauce, kuma na san dillalin da ya tsaya tsakani bayan an gama ciniki ɓata shi yake yi. A kasuwa na iya wannan. A gidana ne ban iya ba.

Ta ce, "Baba, lafiya?"

Na ce, "Ɗebo mini ruwa."

Ta ɗebo a moɗa, ta durƙusa ta miƙo. Randar ba ta Kaka ba ce, waccan ta daɗe da fashewa, amma sanyin iri ɗaya ne.

Ran kasuwa ni na raka ta tasha, na samo mata kujerar gaba a motar Yamai, inda za ta hau jirgi. Ta leƙo ta taga ta ce, "Baba, kana nan ko?"

Na ce, "Ina nan. Tafi."