Jan Waken da Na Tumɓuke a Deule

Shekarun baya masu nisa, lokacin da Turawa ke can suna yaƙinsu na biyu, mu kuma muna nan ana kwasar mana hatsi da maza, na yi wani abu da har yau in na tuna sai tuwo ya fita raina.

Ni ɗan Madawa ne. Mahaifina maɗinki ne, bai taɓa riƙe hauya ba, ni ma haka na tashi. An sa ni lakkol, makarantar boko, ina ƙarami, na yi shekara huɗu, na fito da faransanci mai ɗingishi da kai mai nauyi. Cikin duk abin da aka koya mana, darasi guda ne ya zauna mini daram. Wata rana mushe, malaminmu, ya zana ƴan ɗige-ɗige a allo ya ce sunansu mikorob. Halittu ne da ido ba ya gani, su ke kawo ƙurji da kumburi da mutuwa, kuma maganinsu wuta. Tun daga ranar nake jin na san wani sirri da duk tsofaffin Adar ba su sani ba.

A kasuwar Buza na fara ganin yarinyar da ta sace mini zuciya. Na raka mahaifina da riguna, ita kuma ta zo daga Deule tare da mahaifiyarta. Tana da wushirya, kuma in za ta yi dariya sai ta fara kallon ƙasa, kamar a can ta ajiye dariyar za ta ɗauko. Na tsaya gabanta na gaishe ta da faransanci don ta san da wa take magana. Ta dube ni daga hula har takalmi ta ce, "Ɗan lakkol, in ciwon haƙori kaka yi, mai magani na can gindin bagaruwa." Daga ranar ba ta sake kirana da wani suna ba, ni kuma ban sake barci mai daɗi ba.

Da magana ta kai ga manya, mahaifinta bai ƙi ba, bai kuma amsa ba. Ya ce da ni, "Yaro, ba ni ba da ɗiyata ga wanda bai san inda tuwo ka hitowa ba. Ka zo ka yi damina guda gonata, in ga hannunka." Na tattara kayana na koma Deule, na sauka gidan wani ɗan'uwan mahaifiyata. A zuciyata na riga na ga ranar biki.

Gonar tana gindin dutse, jar ƙasa mai tsakuwa. Muka shuka hatsi, bayan ya ɗan tasa muka bi tsakanin layuka da wake. Wani ɗan ƙaramin jan wake ne, ban taɓa ganin irinsa a Madawa ba. Yana nuna da wuri, tun hatsi bai fid da kai sosai ba, daidai makonnin nan da rumbu ya zama fanko kuma sabon abinci bai iso ba. Da shi gidan ke ƙetare wannan rami kowace shekara. Irin na kakar yarinyar ne. A shekarar da fara ta cinye gonaki, da mutane suka cinye har irin shukarsu, tsohuwar ta zuba nata a gora da toka ta binne ƙarƙashin gadonta, ta ji yunwa a kansa ba ta taɓa shi ba. A damanar da nake ba ku labari ta makance, ba ta fita, amma kullum sai ta tambaya ko wakenta ya yi fure.

Mahaifin ya taɓa nuna mini wani gefe inda hatsi ya fi duhun ganye, ya ce bara nan wake ya fi yawa. "Wake shina ba ƙasa abinci," in ji shi. "Shi ya sa ba mu tumɓuke shi in an gama, yanke shi muka yi, saiwa ta kwana cikin ƙasa." Na gyaɗa kai don ladabi. A raina na ce maganar mutanen ƙauye ce.

Ana tsakiyar damina gardawan kumandan, dogaran Baturen mulki, suka zo ɗibar maza aikin hanya, aikin tilas. Mahaifinta na cikin waɗanda aka ɗiba. Da zai tafi ya kama hannuna ya ce, "Gona amana ce gare ka. Ka yi maimai, ka kori tsuntsu, shi ke nan." Aiki biyu kaɗai ya bar mini. Da na tsaya a kansu, da yau wani labari nake ba ku.

Ina maimai wata safiya sai hauya ta kuɓuce mini ta tono gindin wake guda. Na ɗaga shi zan mayar, sai na ga saiwar cike da ƴan ƙulle-ƙulle, kamar ƙuraje, wasu sun kai ƙwayar dawa. Na matse ɗaya da farce ya fashe. Cikinsa ja ne, jajir kamar tsokar nama. Na tumɓuke na biyu, haka. Na je ƙarshen gona na tumɓuke na uku, haka. Ga ƙurji, ga kumburi, ga jini. Allon mushe ya dawo mini a ido.

Da rana yarinyar ta kawo mini fura, na shimfiɗa mata saiwoyin a ƙasa kamar likita.

"Cuta ce ta shiga gonarku," na ce. "Mikorob. In ba a tare ta ba, za ta bi ƙasa ta kama hatsi."

Ta ɗauki saiwa guda ta juya ta. "Wanga? Ɗan lakkol, haka saiwar wake take tun da Allah ya yi wake. Kaka ta ce wanda ba shi da su shi ne marar lahiya."

"Kaka ta taɓa shiga lakkol?"

"Ba ta taɓa ba. Kai ka taɓa cin abin da ka noma?"

Na yi dariya irin ta mai haƙuri da jahili. Na ce mata akwai abubuwan da ido ba ya gani, sai wanda ya yi karatu. Ta tattara ƙwaryarta ta ce, "To mai karatu, ka jira Baba shi dawo. Kar ka taɓa mini waken Kaka. Na roƙe ka." Ta faɗi hakan ba tare da dariya ba, ni kuwa na ji shi kamar shagwaɓa.

Kwana biyu ina saƙa da warwara. Ina hango mahaifinta ya dawo ya tarar da hatsi tsaye lafiya, mutane na cewa ba don yaron nan na Madawa ba da gidan ya halaka. Ina hango ta tana kallon ƙasa tana neman dariyarta, tana cewa ashe ni ke da gaskiya. Ranar kasuwar Buza ita da mahaifiyarta suka yi sammako suka tafi. Ni kuma na shiga gona.

Waken ya yi fure a lokacin, wasu har sun fara ƴan ƙananan kwanso. Na bi layi-layi ina tumɓukewa da saiwa, don kada in bar ƙurji ko ɗaya a ƙasa. Ban taɓa yin aiki da zuciya ɗaya kamar ranar ba. Hannuna ya yi kanta, ban ji ba. Na tara shi tsibi uku. Ɗanyen ganye ya ƙi cin wuta, sai da na ɓalle busasshiyar ƙayar shingen gonar na cusa a ƙarƙashi, sannan ya kama, da wani farin hayaƙi mai kauri da aka ce har daga kan hanyar Buza ana ganinsa.

Hayaƙin ne ya kawo su da la'asar. Mahaifiyar ta tsaya bakin gona, ta sauke kayanta, ta zauna a ƙasa ta yi salati. Ita kuwa ta tako har inda nake tsaye, baƙi ƙirin da toka, ina murmushi. Wallahi murmushi nake yi.

"Na tare ta," na ce.

Ta duƙa ta tona tokar da ɗan kara, ko za ta sami abin da ya tsira. Babu. Ta miƙe ta ce, "Duka?"

"Duka. Ko guda ban bari ba."

"Irin da munka shuka shi ne na ƙarshe cikin gora," ta ce, a hankali. "Mi za ni hwaɗa ma Kaka in ta tambaya?"

A nan ne murmushin ya fara yi mini nauyi a fuska.

Makonnin da suka biyo baya na ga abin da jan waken nan yake tarewa. Gidan ya koma cin tafasa da anza da aka jiƙa kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita. Akuyoyi biyu suka tafi kasuwa ba su dawo ba. Kullum tsohuwar na tambaya ko wake ya nuna, kullum ana ce mata saura kaɗan. Ta rasu kafin a yanke hatsi. Tsohuwa ce ƙwarai, kowa ya ce kwananta ne ya ƙare, kuma ba wanda ya taɓa ɗora mini. Ni dai na san da wace ƙarya aka yi ta lallashinta har ta tafi, na kuma san wanda ya jawo ƙaryar.

Mahaifin ya dawo a rame, ƙafafunsa duk tsaga. Ya je gona shi kaɗai ya daɗe. Da ya dawo bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya ce, "Ka yi maimai da kyau, yaro. Sauran magana ba tawa ba ce, ka tambaye ta." Na same ta bakin rijiya. Na shirya kalamai masu daɗi tun daga gida, na ce soyayya ce ta sa, na ce don ita na yi.

"Na yarda," ta ce. "Da ƙiyayya ce da ta hi sauƙi. Ni ba ni iya zama da mutumin da in na ce na roƙe ka, sai shi yi dariya." Ta ɗora tulunta ta wuce. Ranar ba ta ce mini ɗan lakkol ba.

Na koma Madawa na zauna kan keken ɗinkin mahaifina. Na ji labari cewa damanar da ta biyo hatsin gonar ya fito gajere, ganyensa rawaya. Duk da haka, ku ji taurin kai, na shekara fiye da talatin ina gaya wa kaina cewa cutar ce ta riga ta shiga ƙasa.

Sai wata rana a Buza na tarar da taron manoma, wani malamin gona sanye da wandon Turawa na yi musu bayani. Ya tumɓuke gindin wake, ya fasa ƙulli guda da farce ya ɗaga. Ja. Ya ce a cikin nan wasu ƙananan halittu ke zaune. Wake ya ba su masauki da abinci, su kuma suna jawo masa daga iska irin abincin da ake saye a buhun taki, abin da ya rage kuma ya zauna a ƙasa hatsin baɗi ya ci. Ya ce in cikin ja ne, suna raye suna aiki. Na kutsa gaba na ce, "Malam, su ma mikorob ne?" Ya ce, "Su ne, baba. Ai ba dukansu ke cuta ba." Ashe sunan kaɗai na sani daidai. Mushe ya koya mini rabin darasi, ni kuma na ƙone gonar mutane da shi.

Washegari na tafi Deule. Na same ta ƙofar gidan mijinta, ta yi furfura, wushiryar ta faɗaɗa, tana tsintar farin wake a faifai. Na gaya mata abin da malamin gona ya ce, kalma bayan kalma. Ta saurara har na gama, hannunta bai tsaya ba.

"To," ta ce. "Sai da mai wando ya hwaɗa maka."

Na tambaye ta ko an sake samun jan waken a wani wuri. Ta girgiza kai.

Da tsufana na zama mai karanta ƴan littattafan soyayyar nan na kasuwa, ina da su cike da kwali. A cikinsu saurayi kan yi babbar wauta, a yi kuka, a shafi na ƙarshe a yafe masa. Ina son su har yanzu, amma in na kai shafin ƙarshe sai in rufe ban karanta ba. Abin da ya fi ci mini rai ba rashin sanin ba ne, kowa na iya rashin sani. An faɗa mini gaskiya sau biyu, uba ya faɗa, ɗiya ta faɗa har da roƙo, na ƙi ji saboda ba da faransanci suka faɗe ta ba.

Ina da ɗan fili bayan gida, duk damina ina shuka wake, in ya gama in yanke shi in bar saiwar ta kwana. Duk kasuwar da na shiga, daga Madawa har Keita, sai na bi layin masu wake ina tambayar wani ɗan ƙaramin ja mai nuna da wuri. Suna nuna mini iri-iri. Ba shi ba ne.